Kafin ki miƙa wa 'yan gwangwan tsohuwar kwamfuta

Uwargida, idan aka sayo sabuwar kwamfutar tebur saboda yara masu shirin JAMB, tsohuwar da ke ƙarƙashin gado sai a fara yi mata kallon shara. Ki dakata tukuna. A cikinta akwai wani ƙarfe mai kamar tafin hannu, faifan ajiya, masu gyara na ce masa had-dis. Sau da yawa inji ya mutu murus, shi kuwa lafiyarsa ƙalau, ga hotunan suna da na biki da takardun makaranta duk a ciki.

Mu mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara mun san yadda ake barin gida ba shiri. Da tashin hankali ya koro mu Funtuwa, albom ɗin hotuna bai samu shiga mota ba, amma ƙanena ya kwance faifan nan ya sa a aljihu. Hoton Baba guda ɗaya da ya rage mana, yana riƙe da 'yar farina ranar suna, daga nan ya fito. Masu cewa a zuba komai a Google, ina tuna musu watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a yankinmu wata da watanni. Abin da ke hannunki kaɗai kika iya buɗewa.

Haɗa shi da sabuwar kwamfuta ba wani aiki ba ne. Ki duba bayansa. In kika ga layi biyu na allurai wajen 40, tsohon yayi ne, IDE, kuma sababbin injuna ba su da mazauninsa. In bakin ɗan siriri ne, SATA ke nan, yawanci mai gyara zai iya ɗaura shi a ciki. Ni dai na fi son adaftar USB mai karɓar duka biyun, don ba sai an buɗe sabon inji ba. Sai dai babban faifai na kwamfutar tebur yana buƙatar tasa cajar mai bolt 12, USB kaɗai ba ya iya juya shi.

Ga inda nake so ki tsaya a kan yaran da kanki. In saƙo ya fito yana tambaya ko a yi fomatin, amsar a'a ce. Danna "eh" share komai ne, kuma yaro mai sauri ba ya karantawa. In kuma kika ji faifan yana ƙas-ƙas, a kashe, a kai wa mai gyara. Yana buɗewa, a kwafe komai cikin sabuwar kwamfutar, a ƙara a filash, a ba wata 'yar'uwa a wani gari ta ajiye.

Tsohon allon ma kada a yar. Mai shuɗin kai da allurai 15, VGA ke nan, sabon inji kuwa galibi HDMI gare shi. Akwai 'yar kwambata mai haɗa su, amma hanya ɗaya take bi. Ki ce wa mai shago daga HDMI na kwamfuta zuwa VGA na allo, ya gwada a gabanki kafin ki biya. VGA hoto kawai yake ɗauka, don haka ki ƙara da 'yar sifika in yara za su saurari darasi.