Fedar da za ta jure ƙurar Gure

Kano, farkon hunturu

Auta ƙanena,

Saƙonka ya iso, na kuma saurari kiɗan da ka ɗauko mini a bikin nan na Gure. Hannunka ya faɗa, wallahi na ji daɗi har cikin raina. Ka ce ka tara ƴan kuɗi daga bukukuwan bayan girbi, kana son fedar wah, amma hotunan da kake gani a waya sun ruɗa ka. To ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ka sayi Cry Baby GCB95 ta kamfanin Dunlop, baƙar nan marar ado, ko da ta hannu ce.

Ka fara sanin aikinta kafin ka zuba kuɗinka. Wah ba ta ƙara wa jita ƙarfi. Wani siririn yanki na sautin take ɗagawa, ta danne sauran, ƙafarka kuma ita ke yawo da yankin. In ka danna da dunduniya sauti ya yi kauri ya dushe, in ka danna da yatsu ya hau sama ya yi kaifi, kamar mai waƙa yana rufe bakinsa da tafin hannu yana buɗewa. A 1966 wani matashin injiniya, Brad Plunkett, ya gano ta a kamfanin Thomas Organ da ke Kaliforniya, yana cikin aiki a kan amfilifayar Vox. Da ta shiga kasuwa a 1967, sunan Clyde McCoy aka liƙa mata, wani mai busa ƙahon Turawa, don an zaci masu busa ne za su saya. Sai masu jita suka karɓe ta. In ka samu intanet a Gure, ka nemi "Voodoo Child" na Jimi Hendrix, na 1968, ka ji yadda jita ke kuka. Sannan ka nemi kiɗan fim ɗin Shaft na Isaac Hayes, na 1971, inda Skip Pitts ya mai da fedar abin riƙe kiɗa. Hanyoyi biyu ke nan, kuma ta biyun ta fi kusa da abin da masu rawa ke nema a wurinka.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa nake rubuto maka: ƙura. Waɗanda suka ƙera fedojin nan ba su san iskar hunturu a ƙasar Gure ba, ba su san mutum zai shimfiɗa tabarma a kan rairayi ya yi kiɗa har dare ya raba, ƴanmata na tayar da ƙasa a gabansa ba. A cikin Cry Baby akwai wani ɗan sanda mai haƙora da ke juya abin murɗawa irin na ƙarar rediyo, wanda masu gyara ke ce wa bolum. Sandan ta cikin wata kafa yake shiga, yashi ma ta nan zai bi. In ya taru, duk lokacin da ka motsa ƙafa sai ka ji ƙarar-ƙarar a lasifika.

Saboda haka na daɗe ina auna fedar Morley. Ita da haske take aiki: akwai ƴar fitila a ciki da abin da ke ganin hasken, ba bolum da zai cinye. Wasu ma, irin Bad Horsie, ba su da makunni. Ka ɗora ƙafa ta kama, ka ɗauke ta mutu. Feda ce mai kyau, ban raina ta ba. Abu biyu suka hana ni ba ka ita. Fitilar nan tana shan batir fiye da Cry Baby nesa ba kusa ba, kai kuwa batirin bolt 9 ba kullum za ka same shi a kasuwar ƙauye ba. Na biyu, ran da ta lalace, wa zai buɗe ta? Cry Baby kuwa kayan cikinta kaɗan ne, duk mai gyaran rediyo da ya iya riƙe ƙarfen narka dalma a Gure ko a kasuwar Dole ta Damagaram zai gane kanta. Sai dai bolum ɗinta na musamman ne, ba na rediyo za a cusa mata ba. Wannan ka bar mini, zan nema maka ɗaya ka ajiye.

Su Cry Baby 535Q masu maɓallai da yawa, ka bar su tukuna. Vox V847 ƴar'uwar GCB95 ce, in ita ka tarar da araha kuma lafiyayya, ba laifi.

Batun wuta kuma, ka yi aiki da batir, ka rabu da janareto. Wutar janareton biki hawa take tana sauka, kuma adafta mai arha na kawo gurnani. In dole sai adafta, ka tabbata ta bolt 9 ce mai alamar ragi a tsakiya. Kada ka jona mata ta wani abin don kawai bakin ya shiga. In ka gama kiɗa ka zare wayar jita daga fedar, don muddin tana ciki batir na tafiya. Ka ɗora ta a kan katako, ba a ƙasa ba, kuma ka roƙi Inna ta ɗinka maka jaka mai zuge.

Akwai wata magana da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Salon da kake bi na mutanen Agadas ne, su Bombino da Etran de l'Aïr: babban yatsa na riƙe da tsirkiyar ƙasa, sauran na fidda waƙa a sama. Wannan amon na ƙasa shi ne gindin rawar. Da ka taka wah zuwa gaba, shi za ta fara cinyewa, sai ka ga fili ya yi sanyi ba ka san dalili ba. Don haka kada ka bar ta kunne daga farkon kiɗa har ƙarshe. Ka jira mawaƙi ya sauke baiti, ka amsa masa da ita, ka kashe. Ko ka tsai da ita a tsakiya ka ɗauke ƙafa, za ka samu murya mai ɗan hanci da ke ratsa ganguna. Kuma ka ji tsoron ƙarshen gaba. Ka tuna Anar, faifan farko na Mdou Moctar da ya ɗauka a Sakkwato a 2008, ta wayoyin hannu ya zagaye Nijar. Kai ma ta waya za a fi jin ka, ƙaramar lasifikar waya kuwa ba ta yafe kaifi. Wajen jonawa, jita ta fara shiga wah, daga nan sai akwatin da ke kaurara sauti, sannan amfilifaya.

In a Damagaram ka samu ta hannu, ka tafi da jitarka, kada ka yarda da gwajin mai kaya. Ka kaɗa tsirkiya ɗaya ka taka a hankali daga baya zuwa gaba, kunnenka na neman ƙarar yashi ko wurin da sauti ke yankewa. Ka danna makunnin da ke ƙarƙashin yatsu sau da yawa ka ga ko yana kamawa kowane lokaci. Ka sake ta a tsakiya. In ta faɗi da kanta, ta yi sako-sako. Ka buɗe gindin ka duba wurin batir ko ya yi tsatsa. In ba ka samu mai kyau ba, kada ka yi gaggawa, ka sanar da ni in duba a Sabon Gari, in ba direban da ke bi ta Daura ya kai maka Damagaram.

Ka turo mini hoton amfilifayarka, gaba da baya, in san da me za mu haɗa ta. Ka gai da Inna, ka ce maganin ƙafarta na nan tafe tare da saƙon. Ka gai da Kawu da yaran gidansa.

Naka,
Yaya