Babban Talabijin Da Ɗan Jinkiri

A garin Gusau, babban birnin Jihar Zamfara, akwai wani saurayi wanda ya buɗe ɗan shago a bayan kasuwa. Abin da ke cikin shagon nan benci biyu ne, da ƙaramin talabijin, da wata na'ura da ake kira PlayStation, irin wadda kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fara fitarwa a shekarar 1994. In an tashi daga makaranta, an gama aikin gida, yara sukan zo su biya 'yan kuɗi, su zauna biyu biyu, su yi wasan ƙwallon ƙafa a fuskar talabijin. Kowa yana riƙe da wani abu mai maɓallai a hannu. In ya danna wannan, ɗan wasansa ya ruga. In ya danna wancan, ya buga ƙwallo. Irin wannan shago shi ake kira gidan gem.

Talabijin ɗin nan tsoho ne, mai ƙatuwar ƙeya, fuskarsa kuwa ba ta fi faɗin faifai ba. Kullum yara suna yi masa ba'a, suna cewa sai an sa tabarau kana a ga ƙwallo. Abin ya dami saurayin. To, yana da wani rago wanda ya yi wata takwas yana kiwo. Sai ya kai shi kasuwar Tsafe ya sayar, ya haɗa da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ya sayo wani ƙaton talabijin mai inci 55, sirit da shi kamar allo. Sai da mutum biyu suka kama kana aka rataye shi a bango.

Ranar farko shago ya cika maƙil, har waɗansu suna leƙe ta taga. Kai, hoton nan yana da kyau! Ciyawar fili kore shar, ana ganin lambar da ke bayan rigar kowane ɗan wasa. Amma ba a yi nisa ba sai gunaguni ya tashi. Wannan ya ce, "Na danna, bai buga ba!" Wancan ya ce, "Mai tsaron gidana barci yake yi!" Wani yaro, wanda duk unguwar ba mai cinsa, aka zura masa ƙwallo huɗu a jere. Ya ajiye abin dannawa ya ce, "Yaya, akwatin nan naka nauyin jiki gare shi." Ya fita. Kafin mako ya zagayo benci ya koma wayam. Ga rago ya tafi, ga kuɗin haya ya gabato.

Saurayin yana da kawu a Bungudu, a kan hanyar Sakkwato, wanda ya tsufa cikin gyaran rediyo da talabijin. Ya hau mota ya tafi wurinsa. Bayan sun gaisa ya ce, "Kawu, na yi asara. Ashe babban talabijin ba ya yin wasa, girmansa ya yi yawa."

Tsohon bai ce masa kome ba. Ya kama hannunsa suka fita bayan gari, inda ake hango wata mata can nesa tana daka. Ya ce, "Ɗana, dubi taɓaryar can da kyau, ka kuma kasa kunne."

Saurayin ya duba. Taɓarya ta faɗa cikin turmi shiru, sai da ta fara ɗagowa kana ya ji tim! Ya ce, "Kawu, ƙarar tana makara."

Tsohon ya ce, "Madalla. Ƙara tafiya take yi cikin iska, wajen mita 340 a sakan ɗaya. In kana mita 34 daga turmi, za ta makara da kashi ɗaya cikin goma na sakan. To, girman turmin ne ya sa ta makara?"

Ya ce, "A'a, hanya ce."

Ya ce, "Haka talabijin ɗinka yake. Hanyar da hoto ke bi a cikinsa ita ce mai tsawo."

Ga yadda abin yake. Hoton da kuke gani yana motsi a talabijin ba guda ɗaya ba ne. Hotuna ne tsayayyu masu yawa, 50 ko 60 a kowane sakan, suna bin juna da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Tsohon talabijin mai ƙeya ba ya tsayawa shawara, yadda hoto ya zo haka yake zana shi nan take. Na zamani kuwa akwai ƙaramar kwamfuta a cikinsa. In hoto ya iso sai ta tsare shi tukuna, ta faɗaɗa shi ya cika fuska, ta goge dishi-dishi, ta gyara launi. Wani lokaci har takan jira hoto na gaba ya zo, ta ƙirƙiri wani ta sa a tsakaninsu don motsi ya yi santsi. Kwalliyar nan duk tana cin lokaci. A waɗansu talabijin takan kai kashi ɗaya cikin goma na sakan, wato hoto biyar ko shida ke nan a baya.

Mai kallon labarai ko wasan kwaikwayo ba zai taɓa sani ba, don ba abin da yake jira. Mai wasa kuwa ido ne ke gaya wa yatsansa abin da zai yi, in ido ya sami labari a makare, yatsa ma ya makara. Kada ku rena kashi ɗaya cikin goman nan. A bugun daga kai sai mai tsaron gida, mita 11 ne tsakanin ƙwallo da raga. Ƙwallon da aka buga da ƙarfi, mai gudun kilomita 100 a awa, kafin ɗan lokacin nan ya wuce ta ci kusan mita uku.

Masu ƙera talabijin sun san da wannan, shi ya sa suka ajiye masa magani a ciki, sai dai sau da yawa a kashe yake zuwa daga kanti. Washegari tsohon ya biyo ɗan nasa Gusau. Ya ɗauki rimot, ya shiga wurin gyaran hoto, ya zaɓi wani tsari wanda aka rubuta sunansa da Turanci, ma'anarsa tsarin wasa. Da an zaɓe shi kwamfutar takan bar yawancin kwalliyar, ta saki hoto da wuri, jinkirin ya koma kamar na hoto ɗaya ko biyu. Ciyawa ta ɗan rage sheƙi, amma wa ya zo kallon ciyawa?

Tsohon ya dubi benci ya girgiza kai. Ya ce, "Nan kam girma yana da laifi. In yaro ya zauna dab da bango haka, kafin ya juyo da ido daga wannan raga zuwa waccan an cinye shi." Aka ja benci baya kamar taku uku. Ya kuma gargaɗe shi cewa babba ya fi ƙarami irinsa shan wuta, ya riƙa lissafin man janareto.

Da la'asar aka aika a kira yaron nan gwani. Ya zo yana ɗari-ɗari, ya zauna, ya danna. Ɗan wasansa ya buga tun bai ɗaga yatsa ba. Ya yi murmushi, ya ce, "Yaya, sa mana minti goma." Kafin magariba benci biyu sun kasa, sai da aka aro tabarma daga maƙwabta.