Dabaibayin Da Aka Yi Wa Wata Kwamfuta A Agege

Duk wanda ya taɓa duba takardar bayanin kwamfutar tafi-da-gidanka ta zamanin nan, zai ga an rubuta lamba biyu a gaban sunan furosesa, watau 'yar na'urar nan da ba ta fi kan sarki girma da yawa ba, wadda ke yin dukan lissafin da ake yi a cikin kwamfuta. Lamba ta farko ita ce saurin tushe, ta biyu kuwa ita ce iyakar gudun da furosesa za ta iya yi idan aiki ya yi nauyi, hali kuma ya yi. Mahayan doki ba su bukatar dogon bayani a nan, domin sun san akwai sassarfa, wadda doki zai daɗe yana yi bai gaji ba, akwai kuma sukuwa, wadda ba a yin ta sai da dalili.

Kamfanin Intel na Amurka shi ya fito da wannan dabara a shekarar 2008, ya sa mata suna Turbo Boost, kana kamfanin AMD ya biyo baya da irin tasa a 2010. Ana auna saurin da gigahaz, gigahaz ɗaya kuwa bugu miliyan dubu ne a cikin daƙiƙa ɗaya. Furosesar farko da Intel ya sayar a 1971, mai lamba 4004, iyakarta bugu dubu 740 ne a daƙiƙa.

To, akwai wani Bakatsine mazaunin Agege a Legas, wanda sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna da walima, ya shirya shi ya miƙa wa masu shi. Ya ɗauki adashinsa, ya haɗa da kuɗin tsohon babur ɗinsa, ya sayi kwamfuta ta hannu, irin wadda a Legas ake kira tokumbo. Furosesar da ke ciki ita ce Core i7-8750H, wadda aka fitar a 2018, mai sassan lissafi shida, saurin tushenta 2.2, iyakarta 4.1. Abin da mai sayarwa ya fi yabawa game da ita shi ne shirunta. Ya ce da shi ya kasa kunne ya ji, ko motsin fanka babu. Mutumin kuwa ya kasa kunne, bai ji komai ba, ya biya kuɗi yana murna.

Bayan Sallah bukukuwa suka taso, ya karɓi aiki uku a mako guda. A nan ne ya lura cewa bidiyon da wani abokin sana'arsa, mai irin furosesarsa sak, yake fitarwa tsakanin azahar da la'asar, shi sai ya kai shi kusan magariba. Wanda bai san sana'ar ba zai ce ai haƙuri ne maganin abin. Amma a unguwar da wutar lantarki ba ta da alkawari, kowace sa'a da kwamfuta ta ƙara, janareto ne ke biyan ta, man fetur kuwa kowa ya san inda kuɗinsa ya nufa tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Daɗin daɗawa, dangin amarya ɗaya daga cikin ukun daga Arewa suka zo, sun kuma sa ranar komawa, suna son su tafi da bidiyonsu a hannu.

Ya kai ta wurin masu gyara har uku. Na farko ya ce ma'ajiyar aiki ce ta yi kaɗan, watau abin da suke kira ram. Aka saya aka ƙara, sauri bai motsa ba. Na biyu ya ce ƙwayar cuta ce, sai an share komai an sake ɗora Windows. Mutumin ya ƙi, saboda aikin mutane na ciki. Na uku ya girgiza kai ya ce furosesa ce ta gaji, tun da kuwa a irin wannan kwamfuta an liƙe ta da dalma a jikin babban allo, ba ta ciruwa, to sai dai a sake allon gaba ɗaya, a kan kuɗin da ya kusa rabin abin da aka sayi kwamfutar. Maganar liƙewar gaskiya ce. Maganar gajiya kuwa babu wanda ya auna, domin a cikin su ukun babu wanda ya tsaya ya dubi lambar saurin sa'ad da kwamfutar ke cikin aiki.

Wanda ya duba shi ne ɗan ƙanwarsa, ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha da ya zo Legas koyon aiki. Ya sa aka fara fitar da bidiyo, ya danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, ya shiga shafin da ke nuna halin furosesa. Nauyin aiki ya cika ɗari bisa ɗari, amma sauri yana tsaye a kan 2.19, ba ya gaba, ba ya baya. Suka zuba ido minti biyar, lambar ba ta ko girgiza ba.

Yaron ya ce, "Kawu, wannan ba ciwo ba ne. Dabaibayi aka yi mata."

Hujjarsa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ta raba gardama. Furosesa ba ta yin sukuwa sai abu uku sun yarda: zafi, da wuta, da umarni. Kowanne kuwa da irin sawun da yake bari. Idan zafi ne ya hana, za a ga sauri ya haura da farko, fanka ta kama kuka, sa'an nan lamba ta riƙa hawa da sauka, saboda furosesa ta kusa iyakar zafin da aka yanka mata, wanda ga wannan samfurin digiri 100 ne a ma'aunin Salsiyas. Idan wuta ce ta gaza, sau da yawa sauri ƙasa da tushe yake faɗawa, har ya sauka zuwa 0.8, kwamfuta ta zama kamar mai jan ciki. Amma lambar da ta kafe daidai bakin tushe, a kwamfuta mai sanyi, fanka tana barci, wannan lalle umarni ne. Wani ya ce kada a wuce nan, na'ura kuwa ta yi biyayya.

Duk da haka bai yi gaggawa ba, ya fara da caja. Irin wannan kwamfuta babbar caja take so, mai ƙarfin wat ɗari da wani abu, kasuwa kuwa cike take da ƙanana masu wat 65 da kuma na jabu waɗanda bakinsu ya yi daidai da ramin. Wasu kamfanoni, irin su Dell da HP, suna sa wata siririyar allura a tsakiyar bakin cajarsu, wadda ta nan ne kwamfuta ke gane ƙarfin cajar da aka haɗa mata. Idan allurar ta karye, ko cajar ba ta asali ba ce, kwamfuta tana iya rage gudu da kanta, wani lokaci ma ta ƙi cika batir. Ya karanta rubutun bayan cajar kawunsa, ya ga ta isa. Ya duba ko an bar Windows a kan tsarin tsimin batir, ya ga ba haka ba ne. Ya kashe kwamfutar, ya sake kunnawa ya shiga BIOS, watau shafin da ake daidaita na'ura tun kafin Windows ta tashi, ya tarar Turbo Boost a buɗe yake.

Saura wuri ɗaya. A cikin Control Panel akwai Power Options, a can cikin zurfinsa kuma akwai wani layi da ake kira Maximum processor state, inda ake faɗa wa furosesa kashi nawa cikin ɗari na ƙarfinta aka yarda ta yi amfani da shi. A wasu sababbin kwamfutoci an ɓoye layin, amma a wannan yana nan. Abin da aka rubuta a wurin 99 ne.

Mai karatu zai ce to mene ne kashi ɗaya cikin ɗari? A nan ne abin mamakin yake. A lissafin Windows, ɗari cif ita ce ke buɗe ƙofar sukuwa. Da zarar an rage ko da ɗaya ne, a yawancin kwamfutoci ƙofar ta rufe ke nan, furosesa ta tsaya a bakin tushe. Ashe kashi ɗayan nan shi ya cinye duk abin da ke tsakanin 2.2 da 4.1. Kamfani ba ya fitar da kwamfuta da wannan lamba idan tana haɗe da wuta. Hannun mutum ne ya rubuta ta. Dabara ce sananniya, masu wasannin kwamfuta da ma'aikatan ofis da yawa suna yin ta da gangan domin na'ura ta yi sanyi, batir ya daɗe. Wanda ya yi wa tasa haka bai yi laifi ba. Wanda ya yi haka sa'an nan ya sayar, yana yabon shirun, shi da mai rufe gyambon doki da sirdi ranar kasuwa ɗaya suke.

Yaron ya mayar da lambar 100. Nan take sauri ya yi tsalle ya kusa 4, fanka ta tashi da gurnani irin wanda kawun bai taɓa ji ba tun da ya saya. Ya miƙe tsaye yana godiya. Yaron ya ce, "Kawu, dakata tukuna, ruwa ba ya tsami banza." Ya buɗe wata manhaja mai suna HWiNFO wadda ke nuna zafin kowane sashe. Kafin minti ɗaya zafi ya haura 95, ya taɓa 100, sauri kuma ya shiga hawa da sauka. Dalilin dabaibayin ya fito fili.

Washegari suka kwance murfin ƙasa, suka fara cire igiyar batir kafin su taɓa komai. Tsakanin fanka da siraran haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta fita, ƙura da zare sun dunƙule sun zama kamar tsumma, sun toshe hanya. Suka ɗaga bututun jan ƙarfe da ke kwashe zafi daga kan furosesa, suka tarar man nan mai kauri da ake shafawa a tsakaninsu ya bushe ya zama ƙanzo. Aikin wannan mai shi ne cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarfe da ƙarfe, domin iskar da ke maƙalewa a ciki ba ta wuce da zafi. Suka goge tsohon, suka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, suka riƙe fanka da yatsa sa'ad da suke hure ƙurar don kada ta yi juyin da zai lalata ta. Kuɗin man bai kai na kwanon abinci uku ba.

Akwai wata manhaja, ThrottleStop, wadda ke iya toshe kunnen furosesa daga wasu gargaɗin da sauran sassan kwamfuta ke aiko mata. Wani abokin yaron ya ba da shawarar a yi haka a huta. Yaron ya ƙi, ya kuwa yi daidai, domin gargaɗin yana iya zama na gaskiya, daga caja ko batir ko wani sashe da ya ɗauki zafi.

Da aka sake gwadawa, sauri ya tashi kusa da 4, ya yi kamar rabin minti a can, sa'an nan ya sauko ya zauna sama da 3 kaɗan, zafi yana tsakanin 80 da 90. Kawun ya ɓata rai, ya ce ina 4.1 ɗin da aka rubuta? Aka yi masa bayani cewa wannan lamba ta lokacin da sashe ɗaya cikin shida ke aiki ce, kuma an ƙera furosesar ne a kan wat 45. Ana barinta ta zarce haka na ɗan lokaci, daga nan dole ta koma cikin rabonta. Haka take ko a hannun wanda ya saye ta sabuwa. Ya sa mata katako biyu a ƙarƙashi don iska ta riƙa shiga, ya kuma daina ɗora ta a kan katifa.

Mai sayarwa, da aka koma masa, cewa ya yi yadda ta zo haka ya sayar. Bidiyo biyu sun isa hannun masu su a kan lokaci. Na ukun bai samu dangin amarya ba, sun riga sun kama hanya tun da asuba, sai bayan kwana biyu aka ba wani direban motar Katsina a tasha ya kai musu.