Kurtun Ƙasar Sin da Muka Raɗa wa Suna Sanda

Duk wanda ya tashi a Kawo, Unguwar Kanawa, Hayin Banki ko Mando ba sai an nuna masa soja a hoto ba. Hedikwatar Runduna ta Ɗaya tana nan kusa da mu, tsohon mazaunin makarantar horar da hafsoshi ta NDA yana bakin titinmu, sabon kuma yana Afaka, ga sansanin sojojin sama. Da asuba muna jin waƙar masu gudun motsa jiki, da hantsi jiragen koyon tuƙi suna shawagi a kanmu. Shi ya sa a kowane aji na SS3 a wannan yanki sai ka samu aƙalla mutum biyu ko uku da ba su da burin da ya wuce kaki. A cikinmu, mu shida da muka yi hutun bayan jarrabawar NECO tare, uku irinsu ne.

A wannan hutun ne muka kalli wani wasan kwaikwayon talabijin na ƙasar Sin mai suna Soldiers Sortie, wanda ya fara fitowa a 2006, kashi kusan 30. A waya ɗaya muka kalle shi, da fassarar Turanci a ƙasa, kashi biyu kullum idan an samu caji. Mun zaci irin na Jet Li ne, a yi ta duka ana tsalle kan rufi. Kashi uku suka wuce ba a doki kowa ba sai jarumin, kuma mahaifinsa ne yake dukan nasa.

Sunan jarumin Xu Sanduo, amma harshenmu ya ƙi, sai muka mai da shi Sanda. Ɗan manomi ne, na uku a gidansu, matsoraci, mai yawan murmushin da ba a san dalilinsa ba. Uban ya tura shi soja don ya gaji da ganinsa a haka. Ranar da ya sauka daga jirgin ƙasa, bakin bindigar wata tankar yaƙi ya juyo wajensa, sai ya ɗaga hannu sama kamar wanda aka ci da yaƙi, a gaban kwamandan da daga ranar ya tsane shi. Mun yi dariya har aka leƙo daga cikin gida. Wang Baoqiang da ya fito a matsayinsa shi ma ɗan ƙauye ne daga lardin Hebei, ya yi yarintarsa yana koyon faɗa a Shaolin, ya daɗe yana jiran ƙananan ayyuka a ƙofar masu shirya fim a Beijing. Wataƙila shi ya sa ƙauyancin bai yi kama da na aro ba.

Inda wasan ya kama mu shi ne bayan an gama horar da kurata. Saboda ya fi kowa baya, sai aka jefa Sanda wani sansani a tsakiyar fili fetal, inda mutum huɗu suke gadin wurin da ba wanda yake zuwa. Waɗannan huɗun sun riga sun saki jiki: ba fareti, ba gyaran gado, sai karta daga safe har dare. Shi kuwa ya ci gaba da tashi a kan lokaci, yana ninke bargo, yana fareti shi kaɗai a cikin iska. Abin ya dame su. Shugabansu ya ce masa, cikin gatse, in aiki yake so ya je ya gina hanya. Sanda bai san gatse ba. Ya ɗauka umarni ne, ya shiga tsintar duwatsu ɗaya bayan ɗaya yana jerawa, kwana da kwanaki, har hanya ta fito.

Nan muka yi musu na farko. Ɗaya daga cikinmu ya ce wannan wauta ce tsagwaronta, wa zai bi hanyar? Wani ya ce ai ya san irin sansanin nan, don ajinmu ne a zangon karatu na biyu, lokacin da malamin lissafi ya tafi aka yi makonni ba a kawo wani ba. Kowa ya yi shiru, saboda mun tuna wanda ya riƙa zama a baya yana bin littafi shafi-shafi, da sunayen da muka riƙa kiransa da su. Shi ma bai taɓa ce mana komai ba. Abin da wasan ya nuna daidai shi ne fushin sauran huɗun: ba ya zaginsu, ba ya kai ƙararsu, amma ganinsa yana aiki kawai ya hana su jin daɗin kartarsu.

Daga nan aka mai da shi Runduna ta Bakwai, wadda take taƙama da cewa ba ta watsar da nata. Can ya zama kaya. Motar sulke tana sa shi amai. Ya ɗaga guduma zai doki ƙarfe ya sauke ta a hannun Shi Jin, shugaban ayarinsu, mutumin da ya ɗauko shi daga ƙauye ya yi wa ubansa alkawarin zai mai da shi soja. Shi Jin ya dawo da hannu a naɗe, ya sake riƙe ƙarfen da ɗaya hannun, ya ce a sake doka. Daga baya Sanda ya yi juyi 333 a jikin ƙarfen motsa jiki ba tare da ya sauka ba, ya zama abin nuni a rundunar. Shi Jin kuwa, da ya ƙarar da lokacinsa a kan yaron, sakamakonsa ya ja baya, aka sallame shi daga aiki. Kafin ya tafi gida aka zaga da shi a mota ta gaban dandalin Tiananmen da dare, yana kallon fitilu yana kuka. Babu wanda ya kalli fuskar wani a cikinmu a wannan daren.

To amma fa sai a lura da wanda ya shirya abin. Cikin masu shirya shi akwai kamfanin fina-finai na rundunar sojin Sin, kuma marubucinsa, Lan Xiaolong, ya yi aiki a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta soja. Kowa ya san mai tuwo ba ya kushe miyarsa. A cikin kashi 30 ba mu ga an riƙe wa kurtu alawus ba, ba mu ga soja ya sa farar hula tsallen kwaɗo a shingen bincike ba, ba mu ga matar mamaci tana yawon ofis-ofis da takardu ba. Mata ma kusan babu su a wasan gaba ɗaya, abin da ya sa ƙanwar ɗayanmu, wadda take son aikin sojan sama, ta ce ba za ta ƙara ɓata cajinta ba. Sannan rabon Sin da babban yaƙi tun wanda ta yi da Vietnam a 1979. Kusan duk harbin da ke cikin wasan na atisaye ne: wanda aka harba hayaƙi ne yake tashi a jikinsa, ya zauna gefe yana jin haushi. Sau ɗaya Sanda ya kashe mutum, wata mai safarar ƙwaya a bakin iyaka, kuma abin ya kusa raba shi da kaki.

Namu ba hayaƙi ba ne. Wanda ya fito daga Depot ta Zariya bayan horon wata shida ya san yana iya samun kansa a Borno ko dajin Birnin Gwari. Muna nan a garin nan ranar 24 ga Agusta, 2021, da 'yan bindiga suka shiga NDA a Afaka suka kashe hafsoshi biyu suka tafi da ɗaya. Kuma ba mu manta da Tudun Biri a Ƙaramar Hukumar Igabi ba, inda a Disambar 2023 jirgin soja mara matuƙi ya yi kuskuren sakar wa masu Mauludi bam, fiye da mutum 80 suka rasu. Mahaifiyar ɗaya daga cikinmu ta ce in dai tana raye ba zai cike fom ɗin ba. Ya nuna mata Sanda yana gina hanya, ta kalla har ƙarshe, ta ce yaron kirki ne, Allah Ya yi masa albarka, amma maganarta tana nan.

Ga masu niyya, hanyar hafsa daban take da ta Sanda. Shi kurtu ne, irin na Zariya. Mai son NDA, wadda aka kafa a 1964, sai ya zaɓe ta a JAMB, ya samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ya ci jarrabawar tantancewa, ya tsallake gwajin lafiya da na ƙarfi, sannan in sojan ƙasa ne ya yi shekara biyar. Biyu daga cikinmu sun fara gudun asuba daga Unguwar Kanawa zuwa gadar Kawo. Ɗayan ya daina a kwana na tara.

Musun da ya ƙi ƙarewa kuwa a kan Cheng Cai ne, ɗan ƙauyen su Sanda, gwanin harbi mai wayo. A gwajin shiga runduna ta musamman, su uku suka kusa kaiwa ƙarshe, gurbi kuma ya rage biyu. Na ukunsu, Wu Liuyi, ya ji mummunan rauni a ƙafa. Cheng Cai ya sake shi ya ruga ya kama gurbinsa. Sanda ya goya shi yana jan ƙafa, har sai da Wu Liuyi ya kunna alamar janyewa da kansa don ya tilasta masa ya tafi. Huɗu a cikinmu sun ce Cheng Cai maci amana ne. Biyu sun ce gurbi biyu ne, lissafi ya yi, kuma a ranar tantancewar NDA, inda dubbai suke neman 'yan gurabun da aka ware wa kowace jiha, za mu gani wa zai tsaya ya goyi wani. Ɗaya daga cikin biyun nan shi ne wanda har yau bai fasa gudun asuba ba.