Iska Ce Ruwan Babur

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwa masu babur, gama a ƙasarmu ta Dutsin-Ma da Kurfi babur ya gaji jaki. Shi ne na cin kasuwa, shi ne na kai majinyaci asibiti. Kowace bazara na kan ji ana kuka, wai injin yanzu ba shi da ƙarko, da ya yi zafi sai ya cije. Ni dai a ganina ba a yi wa maƙeransa adalci ba.

Ga yadda abin ya ke. Cikin fetur ɗin da inji ke ƙonawa, abin da ke zama tafiya bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Saura duk zafi ne, wani ya bi salansa ya fita, wani ya zauna a jikin ƙarfe. Mota tana da lagireto da ruwa da fanka. Boxer da Jincheng ba su da ko ɗaya, sai zara-zaran ƙarafan nan masu kama da haƙarƙari da ke kewaye da silinda, waɗanda ke miƙa wa iska zafin ta tafi da shi. Watau sai babur na gudu ya ke shan sanyi.

To, jama'a, a dubi abin da mu ke yi masa. A watan Afrilu zafin ƙasar Katsina ya kan wuce digiri 40. Mutum ya ɗora buhu biyu na gero bisa inji mai sisi 100, ya hau, ya bar kwalta ya faɗa yashi wajen Zobe, yana ja da giya ɗaya. A nan inji ya fi wahala, a nan kuma iska ta fi ƙaranci. Baƙin man da ke ciki kamar lita ɗaya ne tak, shi ma yana taya sanyaya inji, amma in zafi ya yi yawa sai ya tsinke, fistin ya kumbura ya kama silinda. Lakar da ta bushe tsakanin haƙarƙarin nan kuwa, bargo aka lulluɓa masa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai kwara wa inji ruwan sanyi yana tsananin zafi, don ƙarfe na iya tsagewa.

Wani zai ce, to, a kawo mana mai ruwa mana. Lalle manyan injuna masu ƙarfi sun koma ga ruwa, domin iska ba ta isarsu. Amma a 1975 kamfanin Honda na Japan ya fito da babura biyu: Gold Wing mai sisi 1000, mai ruwa, don manyan hanyoyin Amurka, da CG125 mai iska, don ƙasashen da ba a canja baƙin mai a kan kari. Sun san abin da su ke yi. Lagireto ya huje a ƙauyen da ba mai walda, wa zai ɗinke shi? Mai iska kuwa, ƙaramin bakanike ya kwance shi a gindin bishiya ya ɗaura kafin la'asar.

Ni nawa, in na ɗauki kaya zuwa Katsina da rana, na kan tsaya a Kurfi in kashe shi a inuwa, don barinsa a kunne yana tsaye ƙara masa zafi ya ke yi.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Dutsin-Ma.