Tsakaninmu: Audugar da ta Ƙone

Ku matso kusa 'yan uwa, maganar nan ta majalisarmu ce, ba ta kasuwa ba. Na san a cikinmu akwai waɗanda suka yi shekaru suna fama da taba, har Allah ya sa suka jefar da kwalinta suka koma sigarin lantarki, da niyyar sannu a hankali su rabu da duka biyun. Da su nake magana. Wanda bai taɓa shan taba ba, don Allah kada ya ɗauki hirar nan a matsayin gayyata. Nikotin da ke cikin ruwan sigarin lantarki shi ne dai na cikin taba, kuma in ya kama mutum ba ya saki da sauƙi. Ita kanta hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, da take ba masu son barin taba shawarar gwada shi, cewa ta yi illarsa ba ta kai ta taba ba. Ba ta ce ba shi da illa ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda nake ganin na'urar a hannun wasunmu. Gilashin tanki ya yi dusu-dusu, ruwan ciki ya koma baƙi-baƙi, mutum ya zuƙa ya yamutsa fuska ya hau tari, sannan ya ce ai ruwan da aka sayar masa ne jabu. Wani lokaci ruwan ne, amma galibi laifin yana can cikin koyil.

Abin ba shi da wuyar ganewa. A ƙasan tanki akwai 'yar waya nannaɗe, ko wata 'yar raga ta ƙarfe, manne da auduga, shi ne koyil. Audugar tana tsotso ruwa daga tanki, batir ya zafafa wayar, ruwan ya zama tururi. Hon Lik, masanin magungunan nan ɗan ƙasar Sin da ya ƙera irin na zamani a 2003, mashayin taba ne, kuma sankarar huhu ce ta yi ajalin mahaifinsa. Dabararsa gaba ɗaya ita ce a sami nikotin ba tare da an ƙona komai ba. To in ka bar audugarka ta bushe waya ta babbake ta, ka dawo da hayaƙin da ka gudo daga gare shi. Wannan ƙaurin mai karce maƙogwaro yana zuwa da sinadarai irin su fomaldehaid da akrolin, masu cutar da hanyar numfashi. Shi ya sa nake ɗaukar tsaftar koyil a matsayin maganar lafiya kafin maganar ɗanɗano.

Me ke taruwa a jikin wayar? Ruwan da ake zubawa haɗi ne na gilsarin da furofilin gilaikol, da nikotin, da kayan ƙamshi, sau da yawa kuma da sinadarin zaƙi. Biyun farko suna tashi su zama tururi, amma zaƙin ba ya tashi duka. Yana maƙalewa a waya, zafi ya dafa shi ya sake dafa shi, har ya zama ƙanzo irin na gindin tukunya. Shi ne yake toshe auduga ya hana ta shan ruwa. Duk ruwan da ya cika zaƙi, irin mai ɗanɗanon alawa ko madara, ya fi saurin kashe koyil. Za ka ji ɗanɗano ya dushe, tururi ya ragu, sai ɗan ɗaci a bayan harshe. Kada ka jira ƙauri. Wannan ɗacin ya isa shaida.

Wankin tanki kuwa aikin minti kaɗan ne, kuma ya kamata a yi shi duk lokacin da za a sauya koyil ko irin ruwa. Ka raba shi da batir tukuna. Ka kwance komai, bakin zuƙa, murfi, gilashi da gindi, ka ware koyil gefe. Ka zuba su a kwano mai ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba. In ƙamshin tsohon ruwa ya ƙi fita, musamman na na'ana'a ko kirfa, ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke ya isa, sai ka ɗauraye sosai har santsi ya tafi. Ban da fetur, ban da kalanzir, ban da haifo. Duk abin da ya rage a jikin ƙarfen nan, huhunka zai tafi.

Ku kula da 'yan robobin nan masu kama da zobe. Su ne ke hana yoyo, kuma ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa na ce a kwano, kada a yi wankin a bakin magudana. Ka ɗauki kowace ɗaya ka ɗaga ta a haske, ka ɗan ja ta da yatsu biyu. In ka ga tsaguwa ko da kamar silin gashi ce, ko ta baje ta daina komawa yadda take, ka sauya ta. Yawancin tankuna suna zuwa da wasu a cikin kwali, sai dai mutane su yar da kwalin tun a shago. Bayan wanki ka shimfiɗa kayan a kan tsumma mai tsabta, a inuwa, ka rufa musu wani tsumman in lokacin hunturu ne, don ƙura ba ta jira. Ka bari su bushe sarai kafin ka haɗa, kuma in kana ɗaurewa, yatsa ya isa. Matsewa da ƙarfi shi ke murƙushe roba ya fasa gilashi.

Yanzu ga inda muke yawan saɓani. Koyil ɗin da ake saya a haɗe, wanda audugarsa ke kulle a cikin ƙarfe, ba ya wankuwa. Na san ana jiƙa shi a ruwa ya kwana, a shanya, a mayar. Zai iya ɗan ƙara kwana ɗaya ko biyu in datti ne kawai, amma audugar da ta ƙone ta riga ta ƙone, ruwa ba ya mayar da ita fara. Na kuma san dalilin da ya sa ake yi: kayan daga waje suke zuwa, yawancinsu daga Shenzhen, kuma kowa ya san abin da canji ya yi wa aljihu. Ban raina wannan uzurin ba. Sai dai hanyar tattali tana farkon rayuwar koyil ne, ba a ƙarshenta ba.

In ka buɗe sabo, ka duba 'yan ramukan gefensa, za ka ga auduga fara fat tana leƙowa. Ka ɗiga ruwa a kowane rami har ta jiƙe ta sauya launi, ka ɗiga ɗaya ko biyu ta sama, ka ɗaura, ka cika tanki, sannan ka ajiye shi minti biyar zuwa goma. Wannan haƙurin shi ne rabin aikin. A jikin koyil akwai lambobin ƙarfin wutar da yake ɗauka. Ka fara daga ƙasa ka hau a hankali. Ka riƙa barin tazara tsakanin zuƙa da zuƙa don auduga ta sake sha, kuma kada ka bar ruwa ya sauka ƙasa da ramukan. Wanda ya kiyaye waɗannan zai iya kai mako biyu da koyil ɗaya, alhali na maƙwabcinsa ya mutu a kwana uku.

Masu naɗa wayarsu da kansu su ne ke da damar wanki na gaske. Ka zare tsohuwar auduga, ka rage wuta, ka riƙa danna maɓalli kaɗan-kaɗan har dattin ya ƙone waya ta ɗan yi ja, ba jajawur ba. Ka bari ta huce, ka goge da tsohon buroshin haƙori mai tsabta, ka ɗauraye. Wannan na wayar Kanthal ne da ire-irenta. Wayar nikel da ta taitaniyam ba a gasa su haka. Auduga kuma a sayi wadda aka yi don wannan aikin, ba ta matashin kai ba, ba ta goge kunne ba. In ka zura ta, ta wuce da ɗan tirjiya kaɗan. In ta shige salin-alin za a yi yoyo, in kuma tana jan waya ta yi kauri.

Yanayinmu ma yana da nasa hukuncin. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maraɗi, ruwan yakan tsinke ya riƙa tsiyaya ta ramin iska. Ka ajiye na'urar a tsaye, kada ka bar ta a mota. Da sanyin asubar hunturu kuma ruwan kan yi kauri, sai ka dumtse tankin a hannu ya ɗan ɗumama kafin ka zuƙa. Bakin zuƙa yana kwasar ƙura da zaren aljihu, a goge shi kullum. Kuma ina roƙonku, mu daina miƙa wa juna a majalisa. Mura da ƙurajen baki ta nan suke bi.

Batir kuwa, in irin wanda ake cirewa ne, 18650, ka duba ledar jikinsa. In ta yage ko kaɗan, ka daina aiki da shi. Kada ya haɗu da makulli ko tsabar kuɗi a aljihu, don ƙarfe zai iya haɗa wutarsa ya fashe a cinyarka. Kada kuma a bar shi a caji a kwanta barci.

Akwai abin da nake so ku riƙe ko da kun manta sauran: kada a ƙara komai a cikin ruwan. Ba zuma, ba turare, ba man habbatus sauda, komai amfaninsu a wani wurin. Huhu ba ya jure mai. Daga 2019 zuwa farkon 2020 a Amurka, mutum fiye da 2,800 suka kwanta asibiti, 68 suka rasu, kuma hukumar lafiyarsu, CDC, ta danganta abin da wani mai na bitamin E da ake garwayawa a ruwan wiwi na bayan fage. Su kuma na'urorin nan da ake yarwa in sun ƙare, waɗanda Birtaniya ta hana sayarwa daga 1 ga Yuni 2025, ba a yi su don a buɗe ba. Masu ɓalle su suna sake cikawa suna wasa ne da batir da ƙonanniyar auduga a lokaci guda.

Masu iyali, kwalbar ruwan nan ƙamshin mangwaro take yi, yaro ba zai bambanta ta da lemo ba, kuma kaɗan daga cikinta ya isa ya jefa shi cikin haɗari. A kulle ta a sama. Ruwan wankin tanki a zubar nan take, a wanke kwanon da hannu da sabulu. In yaro ya haɗiya, a ɗauki kwalbar a tafi asibiti da shi ba tare da jiran alama ba.

Ranar da kuka wanke tanki kuka sa sabon koyil, ita ce ranar da ta fi dacewa a rage ƙarfin nikotin. Mai shan ruwa mai lamba 12 ya gwada 6, mai 6 ya sauko 3. Ɗanɗano yana fitowa sosai a sabuwar auduga, don haka ragin ba ya damun mutum kamar yadda yake tsoro. In mako biyu suka wuce ba ka ji sha'awar kwali ta dawo ba, sai ka zauna a nan har wanki na gaba, ka sake saukowa.