Lambun kokwamba a bakin ruwan Lehde

Ƙanena da ke karatu a Berlin ne ya matsa sai na ga Spreewald kafin in bar Jamus. Wata Asabar a watan Yuli muka hau jirgin ƙasa, kimanin sa'a guda muka sauka Lübbenau. A nan kogin Spree ya rarrabu ƙananan magudanai bila adadin cikin daji, shi ya sa UNESCO ta sa yankin cikin wuraren da take karewa tun 1991. Muka shiga kwale-kwale, mai fito yana tura shi da dogon sanda, har ƙauyen Lehde, inda da damina ko wasiƙa ta ruwa ake kai ta.

Matar gidan da muka sauka dattijuwa ce. Da ta ji na ce ina taɓa noman lambu a gida, sai ta ja mu lambunta. Kunya huɗu ne kacal, yaɗon kokwamba ya hau raga, ganye ya rufe ƙasa. Ta durƙusa ta ɗaga ganye ta tsinko wata 'yar kokwamba mai ƙuraje-ƙuraje, tsawonta bai wuce yatsana ba. Na ce ai wannan ba ta nuna ba. Ƙanena ya fassara mata, ya juyo ya ce, "Yaya, ta ce wannan ce daidai. Jibi ta wuce."

Nan na tsaya da kyau. Mu a kasuwa babba muke zaɓa, ko kokwamba ko gurji. Ita kuwa bayan kwana bibbiyu take zagayawa tana tsinka, domin in aka bar guda ta ƙosa ta yi ruwan ɗorawa, uwar sai ta rage fure, ta mai da ƙarfinta kan iri. Ba ta shuka sai tsakiyar Mayu, bayan sanyin dare ya janye. Ban ruwa da sassafe take yi, a gindi, ba a kan ganye ba. Ƙishirwa, in ji ta, ita ke sa ɗaci.

A madafa, da za ta tsima kokwambar, ta yanke bakin furen kowace ɗaya, don in an bar shi, shi ke sa tsimin ya yi laushi. Ta jera su a tulu da ganyen dil mai ƙamshi, da tafarnuwa, ta zuba ruwan gishiri, ta danne da faranti da dutse. Babu ruwan khal a wannan. Tsamin da kansa yake zuwa cikin mako ɗaya ko biyu. Ta ɗebo min na wancan makon. Na gatsa, ta yi ƙaras a bakina.

A tashar kwale-kwale ana sayar da na kwalba da na ganguna, masu tambarin da Tarayyar Turai ta ba kokwambar yankin a 1999. Ban saya ba. Irin shuka na nema, na samu ƙunshi biyu, ina lissafin lokacin hunturu a Zariya.